Kujerar da Kawu Ya Zauna

Ni ba na cikin masu yabon haƙurin Yaya. Duk wanda ya zo mata dubiya yanzu sai ya kaɗa kai ya ce baiwar Allah, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ni kuwa da na ji an ɗauko wannan waƙar sai in ja takalmina in fita tsakar gida, don na san halin bakina. Haƙurin nan da suke yabo shi ya ci mata hannun dama, kuma da yawa cikin masu yabon da su aka ci.

Ita ce babba a ɗakinmu, ni ce ƙaramar mata. Tun muna yara ban taɓa ganin abin da za a nuna a ce wannan na Yaya ne ba. In an shimfiɗa tabarma ita ce a gefe, rabin jikinta a kan siminti. In za ta yi aikin makaranta sai ta kifa bokiti ta ɗora littafi, kafin ta rubuta layi biyu an zo neman bokitin za a yi wanki, ta ɗauke littafin ta mayar kan gwiwa. Kome ka karɓe mata amsarta ɗaya ce, ba komai. Har ƙannenmu maza suka sa mata suna Ba-Komai, tana dariya tana amsawa. Ni kuma Allah ya ba ni bakin da ya hana ta. Innarmu takan ce da za a zuba mu a turmi ɗaya a kirɓa a raba biyu, da ta samu 'ya'ya biyu masu hankali.

Da ta gama sakandare ta shiga wani shagon buga takardu a bakin titi, a can ta koyi kwamfuta. Allah ya sa mata albarka a yatsu. Ba ta kallon kibod, tana iya yi maka hira idonta a kanka hannunta na gudu, ƙarar kamar ruwan sama a kan kwano. Daga nan wani kamfani ya ɗauke ta. Aikinsu shi ne a kawo musu maganar da aka naɗa a wurin taro ko hira, su saurara su mayar da ita rubutu. Ta shekara da shekaru a ofishin nan. Ba wani ofishin a zo a gani ba ne, amma tana da teburinta da kujerarta da durowa mai makulli. Ta taɓa gaya min cewa durowar nan ce abu na farko a rayuwarta da in ta rufe take dawowa ta same shi yadda ta bar shi.

Mijinta mai shagon kayan gyaran mota ne. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ba ya duka, ba ya zagi, ba ya ƙyashin cefane. Cutarsa ɗaya ce, yana son a ce ya yi. In ya ba ka ruwa a kofi sai ya tsaya ya ji godiyarka har ƙarshe. Ni Yallaɓai nake ce masa, yana washe baki, bai san da biyu nake faɗa ba.

Ana nan sai kamfanin ya ce ya gaji da hayar ofis, kowa ya koma gida ya yi aiki. Aka ba su laftop da iyafis na sawa a kunne, aka yi musu fatan alheri. Ranar da ta shigo da kayan gida Yallaɓai ya ce alhamdu lillahi, yanzu kin huta. A kan wannan kalmar aka gina komai. A idon mutanen gidan da na unguwa, wanda bai sa takalmi ya fita ba ai ba aiki yake ba. Maƙwabciya za ta kasuwa, ta ajiye mata jariri. Mai gyaran famfo zai zo gidan wani, a bar mata makulli. Yallaɓai ya manta abu, ya bugo waya a nemo masa a ba mai babur. Tana tsakiyar sauraren taron da kowa ke magana a kan maganar wani, sai ta ji an zare mata iyafis daga kunne ana tambayar ina gishiri. Kuma fa da wannan zaman banzan da suke gani ake riƙe makarantar yaran, don kasuwar Yallaɓai yau ta yi gobe ta ƙi.

A kan gado take aikin. Ta tanƙwashe ƙafa, ta ɗora laftop a kan filo, ta sunkuyar da kai tun safe har la'asar. In yara sun cika ɗakin ta koma kicin ta zauna a 'yar kujerar tsuguno, laftop a kan cinya. Ciwon ya fara daga wuya, ya gangaro kafaɗa. Ta yi ta shafa man zafi tana cewa kwanciya ce ta yi ba daidai ba. Sai wata rana na gan ta tana yarfe hannu kamar wadda ta taɓa wuta. Na tsare ta da tambaya, da ƙyar ta ce ƙananan yatsunta biyu na dama ne take jin kamar tururuwa na yawo a ciki, wani lokaci kuma ba ta jin su sam. Na ce tun yaushe. Ta ce ya ɗan jima. Na rufe shagon takalmana a ranar, na tasa ta gaba har asibiti tana ce min ba komai ba ne.

Likita ya sa aka ɗauki hoton wuyan, ya ce ƙashi ne yake danne jijiyar da ke tafiya hannu. Ya tura mu wurin mai gashin ƙashi, wata mata mai gilashi da ba ta san kwana-kwana ba. Ta sa Yaya ta nuna mata yadda take zama in tana aiki. Da Yaya ta naɗe a kan gadon asibitin ta nuna, matar ta cire gilashinta ta daɗe tana kallonta. Sannan ta yi mata bayani dalla-dalla: fuskar kwamfuta ta zama daidai da ido, gwiwar hannu ta kwanta daidai da tebur, tafin ƙafa ya taka wani abu, kujera ta tokare mata ƙugu, haske ya shigo ta gefe, kuma ta riƙa tashi tana miƙe jiki. Da ta ga Yaya na murmushi tana cewa to, to, irin na wanda ba zai yi ba, sai ta kama yatsun nan biyu ta ɗaga.

“Ba tsoro nake ba ki ba,” in ji ta. “In kika koma wannan zaman, yatsun nan za su mutu. Jijiya kuwa in ta mutu ba kullum take dawowa ba.”

A gabana ta faɗa. Kuma da muka koma gida a gabana Yaya ta maimaita wa Yallaɓai, kalma da kalma. Ya ce subhanallahi, Allah ya sawwaƙe, ai lafiya ita ce gaba da komai. Ina so a riƙe wannan, don za a zo wurin.

Da farko a falo muka gwada. Muka sa tebur a kusurwar da ke kusa da taga. Kafin mako ya zagayo teburin ya zama tashar kowa: makullan Yallaɓai, cajar waya, jakar makaranta, kwanon wanda ya ci bai ɗauke ba. Ga talabijin, ga baƙi, kuma duk baƙon da ya shigo sai ta cire iyafis ta gaishe shi ta kawo ruwa. Na ce mata wannan ba wurin aiki ba ne, bakin kasuwa ne.

Sai na tuna da siton da ke bayan kicin. Ɗan ɗaki ne da ba wanda ya ɗauke shi ɗaki. Da muka buɗe ƙofar, abin da babu a ciki kaɗan ne: tsohon firij da ya mutu tun kafin a haifi autansu, tayoyin da suka siɗe, fankar da ba fuka-fuki, kwalayen Yallaɓai na kayan da ba wanda zai saya, ga kashin ɓera ko'ina. Ni da ita muka kwashe, muka share, muka wanke, muna tari. Yallaɓai ya leƙo ya ce mata da son wahala, ya wuce shago.

Birkila ya fasa bangon gefe ya fitar da taga, aka sa raga saboda sauro. Aka yi farin fenti, aka ɗaura fanka. Kafinta ya zo da tef ɗinsa, na sa Yaya ta zauna ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta, tana ta jin kunya kamar an ce za a ɗauke ta hoto. Ya rage ƙafafun teburin, don Yaya gajeriya ce. Ya yi mata ɗan benci a kan teburin na ɗora laftop ya kai ido, muka sayi kibod daban. Ya haɗa wani ɗan akwatin katako na taka ƙafa, saboda in ta zauna ƙafarta ba ta kai ƙasa.

Kujerar ce ta ba mu wuya. Mun wuni a layin masu tsofaffin kayan ofis, ina sa ta zama a wannan ta tashi ta zauna a waccan. Kowacce ta zauna sai ta ce ai wannan ma ta yi, don kada ta ɓata wa mai shago lokaci. Ni kuma ina kallon fuskarta, ba bakinta ba. Can a wani lungu muka samu wata baƙa mai ɗan tudu a baya daidai ƙugu, da ɗan ƙarfe a ƙasa na ɗagawa da saukewa. Da ta zauna sai na ga kafaɗunta sun sauka, ta yi wata ajiyar zuciya. Na ce wa mai shagon ya ɗaure mana. Da guminta ta saya, ko zare na wani babu a jikin kujerar nan.

Ranar da ta fara aiki a ciki ina nan. Ta zauna, ta rufe ƙofa, ta sake tashi ta buɗe, ta ce sai take ji kamar ta yi wa wani laifi. Na ce rufe, wallahi ko ni na ƙwanƙwasa kada ki buɗe. Ta samo wata 'yar shuka a gwangwani ta ajiye a bakin taga. Ba a daɗe ba ta bugo min waya da murna, wai yau ita ta ɓalla wa autanta maɓallan rigar makaranta da hannun dama, kuma ta ji kowane maɓalli a yatsanta. Na zauna a shago ina dariya ni kaɗai har mai sayen takalmi ya ɗauka da shi nake.

Sai ga Kawu.

Kawu wan mahaifiyar Yallaɓai ne, shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya sa shi makaranta, shi ya kama masa shagon farko. Dattijo ne na gaske, ba ni da abin faɗa a kansa. Yanar ido ta rufe masa ido biyu, aka ce a kawo shi a yi masa aiki. To ina za a sauke shi? Gidan ɗaki biyu ne da falo. Yallaɓai ya je ya tsaya a ƙofar siton da ya ce son wahala ne, ya kalli farin fenti, ya kalli taga, ya ɗaga kai ya kalli fanka. Yaya ta tuna masa abin da aka ce a asibiti. Ya ce haba, kwana nawa ne, mako ɗaya an gama ya koma. Sai ta faɗi abin da ta saba faɗa, ba komai.

Aka shigar da katifa, aka kwashe laftop da kibod aka mayar kan gado. Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma ranar da Kawu ya iso, Yallaɓai ya riƙo hannunsa har cikin ɗakin, a gaban kowa ya ce, “Kawu, ga ɗakinka. Tun da muka ji za ka zo na sa aka gyara maka.”

Tsohon ya shafa bango, ya shaƙi ƙamshin fenti, ya ji iskar taga a fuskarsa. Aka zaunar da shi a kujerar. Ya jingina, ya ce rabon da bayansa da gwiwarsa su ji irin wannan daɗin har ya manta. Sai hawaye. Ya yi ta sa wa Yallaɓai albarka, ya ce riƙon da ya yi masa bai faɗi ƙasa banza ba. Kafin dare ya sa an kira masa 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya a waya, yana ba su labarin ɗakin da ɗansa ya gina masa har da kujerar manya. Yallaɓai na tsaye a gefe baki har kunne. Da wannan maganar ya kulle bakin kowa, don daga ranar duk wanda ya faɗi gaskiya ya mayar da maigida maƙaryaci, ya mayar da tsoho ɗan cin arziki a wurin da ba nasa ba.

Mako ɗayan nan kuwa ya yi 'ya'ya. Aka auna Kawu aka ce jininsa ya hau, sai ya sauka. Ya sauka aka yi ido ɗaya, aka ce sai ya warke a yi ɗayan. Wata ya bi wata. Kuma wa ke dafa masa abinci marar gishiri, wa ke ɗiga masa magani a ido safe da rana da yamma, wa ke riƙe shi zuwa banɗaki? Wadda ta huta.

Ta koma kan gado da filo. Ta gwada tsayuwa da teburin guga, yana rawa, ƙafarta na kumbura. Ta roƙi Yallaɓai a ɗauko mata ko kujerar ce kaɗai. Ya ce ta dubi girman Allah, ta yaya za a zare kujera daga ƙarƙashin tsoho mai jinya, zai sayo mata wata. Ya sayo kuwa, ta roba, irin ta gidan biki, ya kawo da kansa ya tsaya jiran godiya. Ta gaya masa tururuwar ta dawo. Ya ce Allah ya sawwaƙe, saura kaɗan. Ta gaya masa cokali ya fara faɗuwa daga hannunta. Ya ce ta riƙa shafa man nan. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a hankali take faɗa, da ladabi, irin faɗar da mai son ya ƙi ji yake iya ƙin ji.

Na ce ta dawo wurina ta riƙa aiki da rana. To ni ɗakina a saman shago yake, jikin masu walda, ko kiran waya sai ka toshe kunne ɗaya. Kuma in ta fita wa zai ɗiga maganin? Na ce to ni zan gaya wa Kawu. Ta kama hannuna ta haɗa ni da Allah da darajar Innarmu. Wai tsoho ne, wai zuciyarsa za ta karye, wai mutuncin baban yara. Na ce hannunki fa? Ta ce saura kaɗan. Na fito daga gidan na cika na batse, har mai babur ɗin da ya ɗauko ni sai da na yi masa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Aikin ya fara lalacewa. Ita da a da manaja ke ba sababbin ma'aikata rubutunta su koya, sai ga shi ana dawo mata da shi an ja layi ƙarƙashin kurakurai. Haruffan da ƙananan yatsun nan ke bugawa su ne suke ɓacewa. Ta riƙa tsallako da hannun hagu yana taimakon na dama, aikin yini ya koma na yini biyu. Manaja ya kira ya yi nasiha, ya sake kira bai yi nasiha ba. Duk wannan tana ɓoye hannun a cikin mayafi in za ta shiga wurin Kawu.

Ranar da abin ya faru da safe ne, na biya in kai wa yaran takalma. An riga an cire wa Kawu bandejin ido na biyu, yana gani tangaram, yana zaune a kujerar yana ta murna yana faɗin launin kowane abu kamar yaro. Yallaɓai na tsaye bai fita shago ba tukuna. Yaya ta shigo da filas ɗin shayi, ta durƙusa, ta ɗaga za ta zuba. Filas ɗin ya sulale daga hannunta kamar ba ita ke riƙe da shi ba, ya daki ƙasa ya fashe, ruwan zafi ya wanke mata ƙafa. Ba ta ko kalli ƙafar ba. Hannun take kallo, yana nan a sama a buɗe, yatsun sun lanƙwashe ba su san sun saki komai ba.

Yallaɓai ya ce, “Ki riƙa kula mana. Da kin ƙona Kawu fa?”

Rantsuwar da aka ɗora min ban san ta inda ta fita ba.

“Kawu,” na ce, “ka yafe min, amma ɗakin nan ba don kai aka gyara ba. Ɗakin aikinta ne. Likita ne ya ce in ba ta zauna a kujerar nan ba hannunta zai mutu. Ita ta share, ita ta yi fenti, ita ta sayi kujerar. Ga hannun nan ya mutu, kana gani da idon da ita ta yi jinya.”

Yaya ta ce min “ke”, a hankali, kamar wadda aka soka. Yallaɓai ya fara cewa yarinyar nan ba ta da kunya, Kawu ya ɗaga masa hannu. Tsohon ya sunkuya ya kalli ɗan akwatin katakon da ke ƙarƙashin tebur, wanda tun zuwansa yake ajiye takalmansa a kai. Ya kalli teburin da gwiwarsa ke bugawa kullum in ya matso. Ya kalli ɗan bencin da ya ɗora rediyonsa. Ya ce shi dai ya sha mamakin kafintan da ya yi wa dogon mutum irinsa tebur haka. Sannan ya dafa ya miƙe, ya kawar da takalmansa.

“'Yata, zo ki zauna.”

Ta ce a'a Kawu, wallahi ba komai. Ya ce bai tambaye ta ko da komai ba, cewa ya yi ta zauna. Ta zo tana ɗingishi ta zauna a bakin kujerar. Ya ce ta jingina. Ta jingina. Ya sa ta sauke kujerar yadda take zama, ta taɓa ƙarfen da hagu ta sauka. Ƙafarta ta sauka a kan akwatin daidai, gwiwar hannunta ta kwanta a kan teburin daidai, tudun kujerar ya shige ƙugunta. Ko makaho ya shafa ya san wa aka auna.

Kawu ya juya ya dubi ɗan da ya riƙa. Bai ɗaga murya ba.

“Ka zaunar da ni a kan hannun yarinyar nan,” ya ce, “ina ci ina sha, ina sa maka albarka.”

A ranar ya haɗa jakarsa. An yi roƙon duniya ya ƙi, ya ce ko ruwan gidan ba zai iya haɗiya ba yanzu. Da zai fita ya tsaya a kan Yaya ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya wuce.

Mun koma asibiti. Mai gashin ƙashi ta duba hannun, ta dubi Yaya, ba ta yi mata faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. An yi aiki a wuyan. Zafin ya tafi, amma yatsun nan biyu ba su dawo ba, sauran ma ba su da ƙarfin riƙe kofi cike. Likita ya ce a ci gaba da gashi, a sa rai, amma kada a sa da yawa. Kamfani ya aiko da gaisuwa mai daɗi, ya ba wata aikin.

Kuma kun san wa Yaya ta yi fushi da shi? Ni. Mace ta shekara arba'in da wani abu ba ta taɓa ɗaure wa kowa fuska ba, ranar da ta fara, ni ta fara da ita. Wai na kunyata tsoho, na sa ya bar gidan ɗansa da baƙin ciki. In na gaishe ta ta amsa a taƙaice, in na kawo abu ta ce a ajiye. Dangin Yallaɓai kuma suka samu abin tauna, a zo a yabi haƙurinta, a fita a ce ƙanwar nan tata ba ta da tarbiyya. Su faɗa. In rashin tarbiyya ne faɗin abin da ido ke gani, na karɓa har da kwanon.

A ɗakin nan take karɓar masu dubiya yanzu, a kan kujerar, hannun a cikin ɗaurin asibiti a kan cinyarta. Ba wanda ya isa ya taɓa kujerar, kowa lallaɓa ta yake ta zauna ta huta. Yanzu da ba abin da za ta buga, kowa ya san kujerarta ce.

Wani yammaci wasu abokan Yallaɓai suka zo da matansu. Ana ta jajantawa, ni ina bakin ƙofa. Yallaɓai ya gyara murya, ya yi fuskar tausayi, ya ce shi abin da ya fi ci masa rai, matar nan ba ta magana. Da ta gaya masa abin ya kai haka, wallahi da ko otal ne ya kama wa Kawu. Baƙin suka ce ai haka masu haƙuri suke. Na buɗe baki, sai na ga Yaya ta ɗago ta kalle ni, irin kallon da ke cewa wannan nawa ne.

Ta sa hannun hagu ta kwance ɗaurin a hankali. Ta ɗago na daman kamar mai ɗaukar kayan wani, ta ajiye shi a kan teburin a gabansa, yatsun a lanƙwashe, tsokar gefen tafin ta zube.

“Baban yara, na gaya maka,” ta ce. “Ranar da muka dawo asibiti na gaya maka. Ranar da za a sa katifa na gaya maka. Ranar kujerar roba na gaya maka. Ni ce ba ka ji ba. Ga shi nan, shi ya gaya maka.”

Ba wanda ya motsa. Yallaɓai ya kalli hannun, ya kalli ƙasa. Baƙin suka tuna suna da wani wurin zuwa, aka fita ɗaya bayan ɗaya ana neman takalmi. Shi ma ya bi su rakiya, ya daɗe bai dawo ba.

Na tashi zan tafi, sai ta ce in miƙo mata tsohon laftop ɗin ɗanta da kibod, tunda kamfani ya karɓe nasa. Na ɗora mata a kan ɗan bencin, na jona. Ba ta ce ta yafe min ba, ni ma ban nema ba. Ta gyara zama, ta taka akwatin, ta ce, “In kin fita ki ja min ƙofar.”

Na ja. Na tsaya a bayan ƙofar da jakata a hannu, raina na tafasa, ban san wa zan kama da faɗa ba. Can na ji ta fara, da hagu, harafi ɗaya, shiru, sannan wani, kamar famfon da ke ɗiga a bokiti. Autanta ya taho da gudu zai banka ƙofar yana neman wanda zai ɓalla masa riga. Na tare shi, na durƙusa na ɓalla masa, na ce mamarsa tana aiki.